Damin Mai Shela

Ban taɓa mantawa da ranar da na iso ofis na tarar amalanke biyu sun tare mana ƙofa ba, shanu na ta tuƙa abinsu hankali kwance, ko a jikinsu wai ofishin gwamnati ne. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya daga cikin aikin nan kafin in ajiye shi, to wannan zan ba ku. Amma ku sani tun yanzu, ni ne wawan labarin, kuma ba zan rage komai ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ilu, malamin gona. A wani ƙauye kusa da Zakirai aka haife ni, kuma yawancin aikina a ƙasar nan na yi shi. Aikin malamin gona shi ne ya ɗauki abin da masu bincike suka gano ya kai wa manomi, ya ɗauko kukan manomi ya kawo ofis. Duk sati biyu mu rubuta rahoto mu miƙa wa shugaban sashen gona, shi kuma ya tura sama. Kayan aikinmu babur ne da littafi da baki. Ƙasarmu kuwa kun san ta, gona manne da gona, gida na hango gida, ba ka gane inda wani ƙauye ya ƙare wani ya fara. Mutane tinjim, malami ɗaya. In na fita da saƙo ranar Litinin, kafin in kai ƙauyen ƙarshe Alhamis ta yi, wani lokacin abin da na je hanawa ya riga ya faru.

Ana cikin rani aka turo mana Malama Saude, 'yar Bici. Ba cikakkiyar ma'aikaciya ba ce kamar mu. Aikin kwantiragi aka ɗauke ta na shekara ɗaya, a ƙarƙashin wani shiri na taimakon manoma, in shekara ta cika a sabunta ko a sallame ta. Da albashin nan take riƙe da mahaifiyarta da ba ta da lafiya. Sati ɗaya da zuwanta ta buɗe mana shafi a wani dandali na waya, irin wanda ake rubuta gajeren saƙo, layi biyu zuwa uku, duk wanda ke bin shafin ya gani nan take. Mai so ya ba da amsa, mai so ya tura wa na gaba. Ba ya cin kati sosai, kuma a lokacin ba a biyan ko kwabo kafin a buɗe.

Ni dai dariya abin ya ba ni. Na ce mata, "Saude, manomi da fartanya aka san shi, ba da latse-latse ba."

Ta ce, "Baba Ilu, ka ba ni damina ɗaya kawai."

Na ce na ba ta biyu.

Gaskiya ko da ɗaci sai a faɗe ta: ban taɓa ganin mai kula da magana kamar yarinyar nan ba. Dandalin ba ya ɗaukar doguwar magana, in ka zuba surutu sai ya yanke maka. Sai ta zauna ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa, har sai saƙon ya koma kamar yadda dattijo zai faɗa wa ɗansa a bakin gona. Ta dinga damuna da tambaya ke nan: "Baba Ilu, yaya ake ce wa wannan a nan?" Ba ta sa abin da ba ta tabbatar ba, in ba ta sani ba ta rubuta cewa za ta tambayo. Kuma ta san lokacin manomi. Bayan sallar asuba take turawa, kafin mutum ya saɓi fartanya.

Da aka yi ruwan farko, gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, kowa hannunsa na ƙaiƙayi, sai ta rubuta: "Ruwan jiya ba na shuka ba ne. A tona da hannu. In danshi bai wuce tsawon yatsa ba, a riƙe iri." Wasu suka ji, wasu suka ce yaushe aka haife ta da za ta koya musu ruwa. Sama kuwa ta ɗauke cak, aka yi kwana da kwanaki rana na dukan ƙasa. Waɗanda suka yi gaggawa irinsu ya tsiro ya ƙone, sai da suka sake nemo wani. Daga nan aka fara sauraronta.

Wanda ya fi kowa yaɗa shafin nan shi ne Sarkin Aska na ƙauyenmu, wato shugaban wanzamai. Dattijo ne mai barkwanci, sa'an babana, kuma manomi ne na gaske. Ya yi ajin yaƙi da jahilci a zamaninsa, yana karanta boko a hankali, da tabarau ɗaure da zare. Kullum da safe kafin ya wasa aska sai ya ciro waya ya karanta wa masu jiran aski abin da Malama ta ce. Shi ya raɗa wa shafin suna Mai Shela, sunan kuma ya bi shi. Wata rana ya ga ganyen masararsa ya yi huji-huji, ya ɗauki hoto ya tura. Kafin azahar ta ba shi amsa, ta kuma yi wa kowa shela cewa tsutsa ta shigo, a duba ƙoƙon masara da sassafe, ga abin da za a yi. A da, wannan saƙon kwana huɗu zai ci a kan babur ɗina.

Akwai kuma inda ni ban taɓa kaiwa ba. Shekara da shekaru ina aikin nan, iyakata zaure, don namiji ba ya shiga gidan mutane. Alhali matan cikin gida su ke da akuya, su ke matsar gyaɗa, su ke adana wake. Mai Shela ba ya sallama a zaure, kai tsaye yake wucewa har tsakar gida. Mata suka shiga tambayarta abubuwan da ban ma san suna damunsu ba.

Ana cikin haka, a tsakiyar marka, abubuwa biyu suka faɗo mana lokaci guda. Kamfanin da ke da dandalin ya ce daga yanzu shafukan ofisoshi sai sun biya wani abu duk wata, in ba haka ba saƙonsu zai dinga nutsewa ƙasa, ba kowa zai gani ba. Ban ga laifinsu ba, su ma kasuwa suka fito. Na biyu, aka sanar da mu cewa shirin da ya ɗauki Saude zai nannaɗe tabarmarsa a ƙarshen shekara.

Shugabanmu a lokacin Alhaji Garba ne. Mutumin kirki, amma ba ya motsi sai da takarda. Ya kira mu ya ce, "Ofis ba shi da wannan kuɗin. In har shafin yana da amfani, masu amfani da shi za su biya. In sun yarda, ina da hujjar da zan kai sama in nemi a riƙe Malama. In sun ƙi, shafi da kujerarta duk sun tafi. Malam Ilu, kai ka san mutanen. Ka je ka tambayo."

Aka buga mini takardar tambaya. Tambaya ɗaya ce a kai: za ka biya kuɗi duk wata don ka ci gaba da samun saƙonnin? A gabanta gida biyu, ɗaya na i, ɗaya na a'a.

Ku da kuka san karkara, ku tuna wane wata ne wannan. Agusta! Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, an zuba abin hannu duka a taki da 'yan ƙwadago, ga zazzaɓi gida-gida. A wannan lokacin na ɗauki takarda ina bin mutane gona-gona ina tambayarsu kuɗin wata. Ni ɗan manomi, jikan manomi. Wani ya ce mini, "Malam, albashi ake ba mu?" Wani ya ce, "Maganar ma yanzu sayarwa ake yi?" Wani ko tsayawa da noma bai yi ba, kai kawai ya girgiza. Ni kuma ina ta cika gidan a'a.

Na ƙarshe da na je wa shi ne Sarkin Aska. Na same shi ya danƙe kan wani yana kankara. Da na karanta masa tambayar sai ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau.

"Kuɗi? A marka? Ilu, lafiyarka ƙalau kuwa?"

"Baba Sarki, i ko a'a kawai takardar ke so."

"To rubuta a'a. Amma..."

Hadari ya haɗo, ina da tafiya, kuma takardata ba ta da gidan amma. Na ce masa na gode, na taka babur na yi gaba.

Na rubuta rahoto mai tsabta, na ce manoma suna jin daɗin shafin, sai dai ba su ɗauke shi abin da ya kai a biya ba. Kuma bari in faɗi abin kunyar: wallahi har wani ɗan daɗi na ji a raina. Yarinyar da ta zo jiya an fi ambatonta fiye da ni, yau ga shi an auna an ga babu nauyi. Allah ya yafe mini.

Alhaji Garba ya karanta ya ce shi ke nan, magana ta ƙare, a rufe shafin a ƙarshen shekara. Ya ce kada a sanar da manoma sai lokaci ya yi. Saude ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Na zaci za ta saki aikin, tunda mai tafiya ba ya gyara ɗaki. Ina! Washegari bayan asuba saƙo ya fita kamar kullum. Daga aljihunta ta dinga biyan kuɗin watan don kada saƙon ya nutse, ban sani ba sai daga baya. Ta raka manoman nan har kaka: yaushe za a cire gyaɗa, yadda za a shanya ta kada ta yi funfuna, yadda za a adana wake ba tare da an zuba masa guba ba. Kullum na gan ta tana goge-gogen rubutunta sai in ji ɗan daɗin nan nawa ya koma mini ciwo.

To, mu dawo kan amalanke. Bayan an yanke dawa ne, saura 'yan makonni shekara ta ƙare, Saude har ta fara tattara takardunta a kwali. Na iso da safe na ga amalanke biyu shaƙe da damin gero da na dawa, ga buhunan wake a gefe, ga kwalaben man gyaɗa an jera a kwando. Dattawa sun kai goma a tsaye cikin wankakkun riguna, Sarkin Aska a gaba. Na ɗauka wani mugun iri aka sayar musu suka kawo ƙara.

Alhaji Garba ya fito, aka gaisa. Ya ce, "Baba, lafiya dai?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Damin Mai Shela muka kawo."

"Damin wa?"

"Na Malama da wayarta. Ta yi mana aiki tun daga shuka har girbi, mun gani, Allah ya ba da amfani. Yanzu kaka ta yi. Ina za a sauke?"

Ku lura, ba su san za a rufe komai ba. Babu wanda ya roƙe su, babu wanda ya ba su tsoro. Lokacin biya ne ya yi, suka zo.

Alhaji Garba ya juyo ya dube ni, kallon da har yau ina jin sa a ƙeyata. Ya ce, "Malam Ilu, ba waɗannan ne suka ce ba za su biya ba?"

Sarkin Aska ne ya karɓe.

"Haka muka ce, ranka ya daɗe, bai yi mana ƙarya ba. Kuɗi ya tambaye mu, duk wata, a cikin marka. Wa ke da shi? Na ce masa amma, ya bar ni da hayaƙin babur." Aka kwashe da dariya. Ya matso kusa da ni ya kama kunnena kamar yaro, ni da furfurata. "Kai Ilu, wa ya yi maka askin suna?"

Na ce, "Kai ne, Baba Sarki."

"Shekara nawa ina yi wa gidanku aski, daga ubanka har ku? Ka taɓa ganin ya ciro kuɗi ya miƙo mini bayan na gama?"

"Ban taɓa ba."

"Me kake gani?"

"In kaka ta yi, ana kai maka dami."

"Wa ke ɗaukowa?"

Na sunkuyar da kai. Ni nake ɗaukowa. Ina yaro, ni ake ɗora wa damin wanzami a ka, in kai har ƙofar gidansa, ya shafa kaina ya ba ni ƙuli-ƙuli. Haka ake yi wa maƙeri, haka ake yi wa malamin da ke karantar da yara. Mutumin da ya yi maka hidimar shekara ba a yi masa cinikin kasuwa, jira ake a ga amfanin gona a fitar masa da rabonsa. Na san wannan tun kafin in san harafi, amma da aka ba ni takarda mai gida biyu sai na manta.

Sai a lokacin Alhaji Garba ya gaya musu halin da ake ciki, cewa shafin rufewa zai yi, Malama kuma tafiya za ta yi. Wani dattijo ya ce, "Innalillahi! Kuma ba a gaya mana ba?" Saude tana tsaye a bakin ƙofa, ta zauna a kan dakali ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Alhaji Garba mutum ne mai saurin lissafin aiki. Ya ce, "To ga shawara. A tsara yadda waɗanda suka kawo dami su kaɗai za su dinga ganin saƙon. Wanda bai kawo ba, sai ya kawo."

Ni har na gyaɗa kai, don a ofis haka adalci yake. Sarkin Aska ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, wannan kam ba ta taso ba. Wanda gonarsa ba ta yi ba bana, ba na barin sa da suma. Aski nake yi masa, baɗi in Allah ya ba shi ya tuna da ni. Kuma dubi gonakinmu. Tsakanin gonata da ta maƙwabcina kunyar shuka ɗaya ce. In aka ɓoye masa labarin tsutsa don bai kawo dami ba, in ta gama da tasa, ta wa za ta ci? Ai in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A bar shela ta zama shela."

Na yi kwas iri-iri a aikin nan, ban taɓa jin wanda ya bayyana shi kamar yadda wanzamin nan ya yi a tsaye a gaban shanu ba.

Saura matsala ɗaya. Ofishin gwamnati ba ya karɓar hatsi, doka ba ta san dami ba. Nan ma dattawan suka warware: ƙungiyarsu ta manoma za ta riƙe hatsin a rumbunta, ta sayar, ta biya wa shafin kuɗin shekara gaba ɗaya, baɗi da kaka a sake. Man gyaɗar kuwa, Sarkin Aska ya ce na matan gida ne, da sunan Malama suka aiko, in aka mayar musu da shi shi ba zai iya shiga gari ba. Saude ta ce ba za ta karɓa ba, ma'aikaciya ce. Duk muka dubi Alhaji Garba. Ya ɗaga kai yana kallon rufin kwano, ya ce, "Ni dai ban ga wata kwalba ba."

Da aka watse ya kira ni ofishinsa, ya ciro rahotona na Agusta ya ajiye a gabana. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Sake rubutawa. Wannan karon ka sa abin da ya biyo bayan amma." Na zauna na rubuta, na fara da cewa kuskuren nawa ne. Ya haɗa da hoton amalanken, ya ɗauka da hannunsa ya kai Kano. Muka yi ta jira, kwalin Saude na ajiye a ƙarƙashin tebur ba a kwance ba. Ana saura kwana kaɗan shekara ta ƙare takarda ta dawo: a riƙe ta. Ga ta can zaune a cikinku, yanzu ita ke koya wa sababbi yadda ake rubuta wa manomi saƙo. Daina sunkuyar da kai, Saude, ban gama ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ina da 'yar gonata ta gado. Ranar da kika ce a riƙe iri, har na auno nawa na fito da shi tsakar gida. Na duba waya a ɓoye, na je na tona da yatsa, na mayar da shi ɗaka. Tun daga ranar ban taɓa fita da safe ban karanta ki ba, ina karantawa ina zuwa ofis ina yi miki dariya. Shi ya sa washegarin ranar amalanke na ɗaure dami mafi girma a rumbuna a bayan babur, na nufi rumbun ƙungiya da sassafe don kada kowa ya gan ni. Ina isa na tarar da Sarkin Aska zaune a bakin ƙofa yana wasa aska.

Ya dubi damin, ya dube ni, ya ce, "Ashe kai ma kana cikin masu a'a."

Ana yawan tambayata ko mutanen karkara za su biya irin waɗannan abubuwan na waya. Amsata ita ce, mutanen nan ba sa cin guminka su share baki. Sun san abin da ya amfane su sarai, sun fi mu sani. Sai dai suna da lokacinsu, suna da hanyarsu, kuma ba su yarda a rufe wa maƙwabci ƙofa ba. Sarkin Aska ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, amma har bana an kai damin Mai Shela, da nawa a ciki. Ku da za ku karɓi babur daga hannunmu, takarda za a ba ku mai gida biyu, ku cika ta yadda aka ce. Amma in manomi ya ce muku a'a, ya ƙara da amma, ku kashe babur ku sauko.